Bargo, dosiye da kaset: guzurin mai neman aiki

 Ina yi wa masu tashin asuba sannu ta musamman, tun daga ladanai har zuwa mata masu tuyar ƙosai a bakin hanya, domin su ne suka san abin da hunturu ke nufi. Mu sauran daga cikin bargo muke jin labarinsa.

A wannan mako zan jingine zancen siyasa da na tsadar hatsi, in ba ku labarin wani baƙo da ya sauka gidana a Yamai cikin watan Disamba na 2024. Na daɗe ina juya labarin nan a zuciya, sai yanzu da iskar gabas ta sake tasowa na ga ya kamata in fito da shi, domin na san a daidai wannan lokaci akwai irinsa da yawa bisa hanya.

Baƙon nawa ɗan ƙanwata ne, saurayi mai shekara 27. Ya yi karatun lissafin kuɗɗi a jami'a har ya samu lisansi, ya yi sarwis sibik na shekara 2, daga nan ya koma ɗakin samari na gidan ubansa a Damagaram yana ƙirga azara. Da zaman ya kai shekara guda, uwarsa ta sayar da tumakinta biyu, ta damƙa masa kuɗɗin, ta kira ni ta ce: "Yaya, ga ɗanka nan tafe. Zomo ba ya kamuwa daga zaune."

Motarsu ta tashi tun kafin kiran assalatu. Wanda ya san hanyar nan ya san tsawonta: kusan kilomita 900, ta Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Sai bayan isha'i na tarbe shi a tasha. Ya sauko fari fat kamar wanda ya wuni a injin niƙa, gira da gashin ido duk ƙura, leɓe ya tsage. Kayansa ƴar jaka guda a kafaɗa, da wata jakar leda mai maɓalli da ya rungume a ƙirji kamar jariri, da waɗansu fararen igiyoyi biyu da suka sauko daga kunnuwansa suka shige aljihu. Na ce: "Ina bargonka?" Ya ce: "Kawu, ai an ce Yamai zafi gare ta."

Haka ake faɗi, kuma gaskiya ne a mafi yawan watannin shekara. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, ma'aunin zafi a Yamai kan sauka wajen 15 da asuba, ko da yake yana haura 30 in rana ta yi tsaka. Mutumin Turai zai yi dariya in ya ji mun kira wannan sanyi. Sai dai shi yana da ɗaki mai ɗumi da riga mai kauri, mu kuwa gidajenmu da tufafinmu duk don gudun zafi aka tsara su, saboda haka in ɗari ya zo yakan same mu tsirara. Ga iska busasshiya mai yanka fata kamar aska, ga kaushi, ga mura, ga hazo mai rufe rana har a dube ta da ido ba a ƙifta ba. Masana sun ce mafi yawan hazon nan daga kwarin Bodele yake tasowa, can arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska ke kwasar ta, ta bi da ita ta kan Damagaram da Maraɗi da Kano, wata ma har ta ƙetare teku ta sauka dazuzzukan Amurka ta Kudu. Na ce wa yaron: "Ka gani, ko ƙura ta fito neman wurin zama, kuma ita ba a tambayarta dosiye." Ya yi murmushin ladabi, irin wanda yaro ke yi wa barkwancin tsoho.

Ita jakar ledar nan dosiye ce a ciki, har kashi goma. Wanda bai taɓa haɗa dosiye ba bai san tsadarta ba. Akwai takardar haihuwa, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, da kofen difloma wanda aka buga wa hatimi, da hotuna, da wasiƙar roƙon aiki da aka rubuta da hannu aka manna mata tambur. Kowace takarda da kuɗɗinta, kowace da layinta. Ita takardar kotun kuma rai gare ta, in ta wuce wata 3 ta mutu, sai a sake sabuwa. Da na ƙirga, na ga tunkiya guda cikin biyun nan ta riga ta zama takarda tun kafin yaro ya shiga mota.

Kowace safiya ƙarfe shida da rabi yakan fita. Ya goge takalmi, ya sa farar riga ya tsuke, ya ƙi ɗora rigar sanyi a kai wai kada ta ɓata guga. Kafin ya kai bakin titi takalmin ya koma ja. Ya bi bankuna, ya bi kamfanonin sufuri, ya bi ƙungiyoyin agaji da suka rage, ya bi manyan kantuna. Amsar da yake samu iri uku ce. Wani wuri maigadi ke karɓar dosiye ta ƙyauren ƙofa, ya jefa ta kan ƴan'uwanta. Wani wuri a ce ana son wanda ya yi aiki shekara 5, alhali ba a faɗi inda mutum zai samo shekara biyar ɗin ba in kowa ya hana shi ta farko. Na ukun shi ne mafi ciwo: "Mai buro ya fita, ka dawo gobe." Akwai wani kamfani, ba zan kama suna ba, da ya mayar da yaron nan har sau shida. Ran na bakwai wani masinja mai tsoron Allah ya ja shi gefe ya ce masa an ɗauki mutum tun makon jiya.

Da magariba yakan dawo, ya ci tuwo kai a sunkuye, ya shige ɗakin baƙi. Wata rana da dare na fito zan kewaya, na ga haske ta ƙarƙashin ƙofarsa. Na yi sallama sau biyu, shiru. Na tura ƙofa na same shi zaune lulluɓe da bargon da na ba shi, ido rufe, igiyoyin nan a kunne, kai yana kaɗawa kamar na ƙadangare. Raina ya ɓaci. Na ce: "Kai, uwarka ta sayar da tumakinta don ka zo Yamai ka yi rawar kai?" Bai mayar mani da magana ba. Ya zare igiya ɗaya ya miƙo da hannu biyu, ya ce: "Kawu, don Allah ka ji."

Na sa a kunne da nufin in samu abin ƙara faɗa. Gitar ce ta lantarki, tana gudu kamar dokin da ya ƙwace linzami, ganga na biye da ita da takun raƙumi, ga tafi, ga murya cikin harshen Tamajak. Ya ce Mdou Moctar ne, ɗan jahar Tawa. Ni kuwa ban ƙara jin abin da yake faɗi ba, domin sautin nan ya ɗauke ni ya mayar da ni baya shekara 30, ya ajiye ni bisa gadar Kennedy.

A farkon Janairu na 1994 ni ma na shigo garin nan da jakar leda a ƙirji. Lokacin Mahamane Ousmane ke kan kujerar shugaban ƙasa tun 1993, mu kuwa samarin Damagaram, da wautar ƙuruciya, mun ɗauka tunda ɗan garinmu ne a sama, aiki na jiranmu a bakin tasha. Kwana kaɗan da saukata, ranar 12 ga wata, aka karya darajar sefa. Faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, guzurina ya zama kamar an raba shi biyu. Ma'aikatan gwamnati da kansu suna bin bashin albashi, ɗaukar sababbi kuwa an ɗaure ta tamau. A ɗakin wani abokina ɗalibi nake kwana, a hayin jami'a, mu huɗu bisa katifa biyu. Lokacin gadar nan ita kaɗai ce a Yamai, tun da aka buɗe ta a 1970. Ta biyu sai a 2011, ta uku sai a 2021. Kowace asuba nakan taka ta da ƙafa don in tsimi kuɗɗin taksi, iskar kogi na shiga ta hannun riga tana fita ta wuya, hazo ya rufe ruwa har ba a ganin jiragen masunta sai dai a ji sandunansu.

Abin da ke tafe da ni a gadar nan ƴar rediyon kaset ce ta aljihu, da kaset guda wanda wani malaminmu na lakkwal ya naɗa mani. Da jan bik ya rubuta a jikinsa: Dire Straits. Ban san Ingilishi ba ko na sayen ruwa. Gitar ɗin kaɗai nake ji, tana magana a hankali kamar mutumin da ya ga duniya ba ya gaggawa. In kaset ya ƙare nakan zura bik a raminsa in juya da hannu don kada pil ya ƙone, in pil ya yi sanyi in shanya shi a rana. Marigayi mahaifina ya taɓa jin kaset ɗin a gida ya ce kiɗan aljannu ne. Ga shi yau na tsaya kan ɗan ƙanwata ina shirin faɗa masa kalmar nan da bakina.

Sai da na girma na san ko su wane ne nake saurare. Ƙungiya ce da aka kafa a Landan a 1977, jagoranta Mark Knopfler, wanda ya yi aikin jarida ya yi koyarwa kafin kiɗa ya ciyar da shi. Da yatsunsa yake taɓa igiyar gitar, shi ya sa sautinsa ya fita daban. Waƙar da ta fito da su a 1978, Sultans of Swing, labarin waɗansu makaɗa ne da ke kiɗa a wurin da kusan ba mai saurare. Faifansu na 1985, Brothers in Arms, shi ne a kaset ɗina, kuma ya shiga duniya har inda lantarki bai kai ba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ma'anar sunan: Dire Straits a Ingilishi na nufin tsaka mai wuya, irin halin wanda aljihunsa ya bushe. Ashe kwana arba'in na yi ina yawo a Yamai da sunan halina rubuce a aljihu ban sani ba.

Kuma ba ni kaɗai kiɗan nan ya samu a ƙasar nan ba. Samarin Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya sun ji shi, sun ji na Jimi Hendrix, Ba'amurken nan bahago da ya rasu a 1970, suka haɗa da tasu waƙar suka fito da sabon abu. Marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, na cikin na farko. Lokacin tawayen arewa, kafin sulhun 24 ga Afrilu na 1995, a ɓoye ake yawo da kaset ɗinsa. Bombino na Agadas, haifaffen 1980, yana gudun hijira tun yana yaro ya riƙa kallon hotunan bidiyo na Hendrix da Knopfler yana kwaikwayon yatsunsu. Ya yi kiwo a Libiya, daga baya ya naɗi faifansa Nomad a Amurka, wanda ya fito a 2013, kuma da faifansa Deran ya zama ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga takarar kyautar Grammy, a bikin 2019. Shi kuma Mdou Moctar ɗin da yaron ya sa mani a kunne, bahago ne shi ma, da wayar burkin keke ya haɗa gitar ɗinsa ta farko domin gidansu ba su son kiɗa. Ya je Libiya ci-rani, ya naɗi waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka bazu daga salula zuwa salula kafin wani kamfani ya san da shi. Yau faifansa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 ana sauraronsu a Turai da Amurka a matsayin kiɗan rok na sahun gaba. Ku duba da kyau, jama'a: dukansu matafiya ne, dukansu sun san kwanan tasha da sanyin hamada. Kiɗan da ya fito daga hannun masu neman aiki, ba mamaki in ya koma kunnen mai neman aiki.

Na zauna a bakin gadon yaron, igiya ɗaya a kunnena ɗaya a nasa, ina tunani. A ƙasar Hausa tun kaka da kakanni babu aikin wahala da ba shi da makaɗinsa. Manomi yana da gangar noma, in an yi gayya ita ke tayar da wanda ƙugunsa ya gaji. Mahauci yana da kalangu, maƙeri yana da dundufa, ɗan dambe yana da irin su Ɗan Anace, mace a bakin turmi da dutsen niƙa tana da waƙarta. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa har karen mota bai manta ba. Kakanninmu sun gane cewa jiki na ɗaukar wahala in an riƙe masa zuciya. To, neman aiki ma aiki ne, mai fita tun asuba, mai cin takalmi, mai cin kuɗɗi, kuma ba a biyan ko dala. Sai dai shi sabon aiki ne, boko ya kawo mana shi, ba shi da sarki, ba shi da gayya, ba shi da makaɗi. Manomi in ya kai ƙarshen kunya yakan waiwaya ya ga abin da ya noma. Mai dosiye in ya waiwaya da magariba ba ya ganin komi. Don haka yaran nan suka ɗauki makaɗinsu a aljihu. Na tambaye shi: "Me kake ji a ciki, tunda ba ka jin Tamajak?" Ya ce: "Kawu, duk inda na shiga yau ba wanda ya dubi fuskata. In na sa wannan sai in ji kamar har yanzu ni mutum ne."

Bayan mako uku dosiye goma ta ƙare, kuɗɗin tunkiya ta biyu ya kusa. Wata safiya muna shan koko ya ce yana da magana. Wani abokinsa na Agadas ya ce ya zo, akwai mota mai zuwa arewa, kuma tun da aka soke dokar hana jigilar baƙin haure a ƙarshen 2023 hanya ta buɗe. Ya ce in Aljeriya ce ko Libiya, ko leburan gini ne zai yi. Na ce me zai hana ka koma gida tukuna? Ya ajiye ludayi ya ce: "Da wane ido zan dubi Inna? Ƴan fadarmu har sun fara kirana darakta."

Nan na gane cewa abin da ke tura yaron nan hamada kunya ce, yunwa na bayanta. Mu mutanen jahar Damagaram kuwa mun san kuɗin hanyar nan. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, mafi yawa daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Waɗanda suka tsallake kuma, sau nawa muka ji an kwaso su an zube a kan iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka? Sanyin Yamai da ya sa shi rawar ɗari wasa ne a kan na can, inda a duwatsun Ayar akan yi daren da ruwa ke daskarewa. Ban hana kowa ci-rani ba, da shi aka gina rabin gidajen ƙasar nan. Amma tafiyar da aka yi don gudun idon mutane, ba shiri ba guzuri, ita ce irin wadda ba a cika dawowa ba.

Ban yi masa wa'azi ba. Na tashi na buɗe tsohuwar akwatina, na ɗauko kaset ɗin nan mai jan rubutu, na ajiye gabansa. Ya juya shi yana dubawa kamar kayan gidan tarihi. Na ba shi labarin da ban taɓa ba kowa ba, har uwarsa. Na ce masa a 1994 kwana arba'in na yi ban samu ko aikin shara ba. Ran da kuɗɗina suka ƙare ƙaf na je kasuwar Katako na sayar da ƴar rediyon, na cire kaset na sa aljihu, da kuɗɗin na biya mota zuwa gida. Duk tsawon hanya ba abin saurare sai kukan inji da tarin fasinja. Da na isa na ce wa mutane an karɓi dosiyena, an ce in jira kira. Shekara guda cur na yi ina ciyar da ƙaryar nan, kullum a tambaye ni ko kira ya zo, kullum in ƙara mata gishiri, har na daina zama cikin abokai. Wahalar ƙaryar ta fi wahalar gadar Kennedy. Aikin da na fara samu daga baya kuwa rubuta wa mutane wasiƙa ne a bakin gidan waya, bisa tebur ɗan aro.

Yaron ya daɗe bai ce komi ba. Can ya ce: "Kawu, ashe kai ma?" Na ce: "Ni ma. Kuma in ka bi manyan garin nan masu manyan riguna, da yawansu su ma. Ba su faɗi ne kawai."

Na kira ƙanwata a gabansa, na ce mata ɗanta ya yi abin da ɗa na kirki ke yi, ya buga kowace ƙofa, ba a buɗe ba, zai dawo, kuma ban yarda kowa ya tambaye shi tsarabar Yamai ba. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Tumaki ai haihuwa suke yi. A turo mani ɗana." Ranar da na raka shi tasha da asuba na naɗe bargon na sa masa a jaka. Na ba shi kaset ɗin ma, ko da yake ba shi da abin da zai saka shi. Shi kuma kafin ya shiga mota ya karɓi salulata ya zuba mani waƙoƙin mutumin nasa.

Kada mai karatu ya zaci zan ce daga baya an kira shi an ba shi kujera mai juyawa. Daga cikin wurare goman nan har yau ba wanda ya kira. Yana Damagaram, yana riƙe wa wani ɗan kasuwar hatsi littafin shiga da fita, abin da yake samu bai wuce mafi ƙanƙantar albashin doka da kaɗan ba, wato jika 42 da aka tsayar tun Janairu na 2024. Ba don wannan ya yi shekaru a jami'a ba, shi ya sani, ni ma na sani. Amma yana raye, yana cin tuwon uwarsa, yana sabunta takardar kotu duk wata 3, bai fid da rai ba.

Ƙidayar 2012 ta nuna mun haura miliyan 17, kuma kusan rabinmu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Waɗannan yaran su ne yau ke sauka tashoshin Yamai da jakar leda a ƙirji, na bayansu kuma sun fi su yawa. Samar musu aiki babbar magana ce, ta magabata da masu dukiya, kuma za mu komo kanta a wannan fili. Yau ƙananan abubuwa nake roƙo, waɗanda ba su bukatar kasafin kuɗɗi.

Ku masu buro, in babu gurbi ku ce babu tun ranar farko. "Ka dawo gobe" a bakinku kalma uku ce, a wurin yaron kuwa kuɗɗin taksi ne, da kwanon abincin gidan da ya sauka, da wani yanki na tunkiyar uwarsa. In kun ɗauki mutum ku manna sanarwa a ƙofa. In an tsaya muku a ƙofa da sanyin safiya, ku sa a ajiye benci inda rana ke faɗawa, ku dubi fuskar wanda ya miƙo takarda ku amsa gaisuwarsa.

Ku iyaye, in za ku sallami yaro ku haɗa masa da bargo, ku ware masa kuɗɗin komowa daban, ku faɗa masa da bakinku cewa ƙofar gida a buɗe take ko ya samo ko bai samo ba. Ku kuma ƴan fada, ku bar naɗa wa abokinku rawanin darakta tun bai shiga mota ba, domin nauyinsa kan hana mutum juyowa.

Mu kuma da furfura ta fara kamawa, mu riƙa ba yara labarin faɗuwarmu kamar yadda muke ba su na nasararmu. In muka ga igiya a kunnen yaro, mu tambaye shi abin da yake ji kafin mu yanke masa hukunci. Ni dai yanzu in na fito da asuba iska na kaɗawa, nakan sa gitar ɗin ɗan Tawan nan a hankali cikin mota, in na hango saurayi a bakin titi da farar riga da jakar leda, in tsaya in rage masa hanya. Uwargida ta ce tsufa ya zo mani da gardama. Na ce mata kiɗan noma ne, gonar ce kawai ta canza.

Allah ya ba masu nema sa'a, ya mayar da matafiya gida lafiya, ya sa mu ga bayan sanyin nan da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.